Tambayoyin da aka fi yi min kan Turanci, daga girama har zuwa haɗa jimla

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa kullum, daga 'yan sakandare masu shirin WAEC da NECO, da matan aure da suka koma karatu, har da 'yan kasuwa masu hira da kwastomomin kudu ko na waje a WhatsApp. Na bar su kusan yadda ake yi min su. In ka bi a hankali zaka ga yawancin kurakuran namu hanya ɗaya suke biyowa, mutum ya gina maganarsa da Hausa a zuci sannan ya bi ta kalma-kalma yana musanyawa da Turanci, shi kuwa Turanci ba ko'ina yake yarda da haka ba.

Malam na haddace kalmomi sun fi a ƙirga, amma in na zo haɗa jimla sai in tsaya cak. Ina matsalar take?

A wajen haddar take ɗan'uwa. Kana ɗaukar kalma ita kaɗai ka rubuta ma'anarta a gefe ka wuce, alhali kowace kalma akwai waɗanda ta saba tafiya da su. Ka san "mistake" kuskure ne, toh da wane aikatau ake haɗa shi? Mu a Hausa "yi" muke sawa a komai, yi kuskure, yi wanka, yi aikin gida, yi tambaya, yi barci, shi kuwa Bature duk ya rarraba su: "make a mistake", "take a bath", "do your homework", "ask a question", barci kuma "sleep" kawai. Wanda ya haddace "mistake" ita kaɗai shi ne zaka ji ya ce "I did a mistake", kuma ba haka ake faɗa ba. Don haka duk sabuwar kalmar da ka tsinta ka rubuta ta cikin cikakkiyar jimla, kuma jimlar ta shafi abinda kake yi a rayuwarka, in tela ne kai ka rubuta "I made a mistake when I was cutting the cloth", wannan ba zaka manta ta ba.

Abin farin ciki shi ne ginshiƙin jimla iri ɗaya ne da namu, mai aiki sai aikin sai wanda aikin ya faɗa wa. Audu ya sayi akuya, "Audu bought a goat". Inda aka rabu shi ne lamba da mallaka da sifa, su kafin suna suke zuwa. Mu ce yara uku su ce "three children", mu ce wayata su ce "my phone", gidan Audu ya koma "Audu's house". Mu muna iya cewa farar mota ko mota fara, su "a white car" kawai suke da ita.

Wannan s ɗin na "he goes" yana ba ni wahala, yaushe ake sa shi?

In kana magana kan mutum ɗaya ko abu ɗaya wanda ba kai ba kuma ba wanda kake magana da shi ba, wato he, she, it ko suna guda kamar Binta, kuma abin da aka saba yi ne, sai aikatau ya ɗauki s. "Binta sells rice", amma "the girls sell rice". Abinda ke rikita mutane shi ne tun firamare an ce musu s alamar jam'i ce. A jikin suna haka ne, a jikin aikatau kuwa akasin haka ne. Da "does" ta shigo ita ke ɗauke s ɗin: "She doesn't sell rice", "Does she sell rice?". Bayan "can", "will", "must" da "should" ma babu s ko kaɗan, "he can drive".

Akwai tarkunan da masu jarabawa ke so sosai. Everybody da nobody tilo ake ɗaukarsu, "everybody knows him". People da children da police jam'i ne, "the police are coming". News kuma duk da s ɗin da ke wutsiyarta tilo ce, "the news is good". Sai "one of my friends is a nurse", abokan da yawa ne shi yasa friends, amma ɗaya ake magana a kai shi yasa is.

"Did you went" ko "did you go"?

"Did you go". Kamar dako ne, in "did" ya ɗora kayan shuɗaɗɗen lokaci a kansa sai aikatau ya taho hannu rabbana. "I didn't see him", "When did she come?". Ba a cewa didn't saw, ba a cewa did she came.

Wai tensis nawa ne, kuma dole sai na iya su duka kafin in fara magana?

Littattafan makaranta 12 suke lissafawa, amma wallahi da biyar zaka yi hirar yini guda babu wanda ya gane sauran basu zauna maka ba. Nakan ci, "I eat". Ina ci, "I am eating". Zan ci, "I will eat". Sai na ci, wanda shi ne ya rabu gida biyu, "I ate" da "I have eaten", kuma anan gumin yake.

"I ate" ana faɗinsa in lokacin ya wuce an rufe shi, musamman in ka ambaci lokacin, jiya ko bara ko ƙarfe biyu. "I ate at two o'clock." Shi kuma "I have eaten" ba ruwansa da yaushe, abinda ya dame shi sakamakon yana nan har yanzu, wato cikina a cike yake kar a zubo min. Shi yasa ba a haɗa have da yesterday, "I have seen him yesterday" kuskure ne, ka ce "I saw him yesterday". In abu ya fara a baya kuma har yanzu ana kai, have ɗin dai za a nema: "I have lived in Zaria since 2015", "I have lived here for ten years". Since tana bin lokacin da aka fara, for tana bin tsawon lokacin.

Sai wani abu da ban cika jin ana yi wa yaranmu bayani ba kuma yana da muhimmanci. Mu "ina" muke amfani da ita har a abinda muka saba yi, ina zuwa kasuwa kullum, sai mutum ya juya ta kai tsaye ya ce "I am going to the market every day", alhali "I go to the market every day" ne. Haka ina da mota ba "I am having a car" bane, "I have a car" ne. Ina son shayi, "I like tea". Ta ɗaya ɓangaren kuma muna cewa na sani, na gane, na yarda, siffarsu ta abinda ya wuce ce amma yanzu muke nufi, toh a Turanci "I know", "I understand", "I agree" za ka ce. In ka ce "I knew" sai mai sauraro ya ɗauka da can ne ka sani.

A, an da the, ni duk ɗaya nake ganinsu.

Ai kina da su a Hausa 'yar'uwa, lura ce ba ki yi ba. Na ga wani yaro, yaron yana kuka. Wannan n ɗin ta ƙarshen yaron, ko r ɗin motar, aikin "the" take yi, wato abinda ni da ke duk mun san wanda ake nufi. "I saw a boy. The boy was crying." Karon farko a, da aka san shi sai the.

Tsakanin a da an kuma kunne ake bi, ba ido ba. In kalmar da sautin wasali ta fara sai an, "an egg", "an hour", "an honest man" tunda h ɗin ba a furta ta. "A university" da "a uniform" kuwa da sautin y suka fara. Kuma kar ki bar abu tilo da ake ƙirgawa tsirara, "I am teacher" bai cika ba, "I am a teacher" ne.

Me yasa aka yi min dariya da na ce "borrow me your biro"?

Saboda kalma ɗaya muke da ita, ara, na ari biro, ara min biro, su kuma biyu ne. Mai karɓa borrow yake yi, mai bayarwa lend. Ko ka ce "Please lend me your pen" ko "Can I borrow your pen?". Irin wannan ce ke tsakanin learn da teach, tunda koya ma haka take a wajenmu, na koyi ɗinki, ya koya min ɗinki. "I learnt tailoring", "he taught me tailoring". Masu dariyar kuma ka rabu da su, da yawansu haka suke faɗa in ba a gabanka ba.

Sha, ci da ji fa? An ce min ba a cewa "drink medicine".

Gaskiya aka faɗa maka. Waɗannan ukun suna cikin kalmomin da suka fi kowanne faɗi a Hausa kuma babu kalmar Turanci guda da za ta ɗauke ko ɗaya daga cikinsu, dole sai ka tsaya ka tambayi kanka me nake nufi anan.

Drink na abu mai ruwa ne kawai, ruwa, shayi, kunu, fura. Magani "take medicine" ne ko da na ruwa ne. Lemo ko mangwaro ko kankana da muke cewa sha, su "eat" suke cewa, "I ate a mango". Taba "smoke". Shan wahala "suffer", shan iska "get some fresh air", shan ruwa na azumi kuma "break the fast", in ka ce "drink water" babu wanda zai gane buɗa baki kake nufi.

Ci ma haka. Cin jarabawa "pass an exam", cin wasa ko zaɓe "win", cin ƙwallo a raga "score a goal", cin riba "make a profit", cin amana "betray", cin bashi "borrow money" ko "take a loan".

Ji kuwa ta fi su yawo. Jin sauti "hear", saurare da niyya "listen to", jin wari ko ƙamshi "smell", jin zafi ko sanyi "feel", jin yare "understand" ko "speak". Ina jin Turanci, "I understand English". Ina jin warin gas, "I can smell gas". Ina jin yunwa kuma "I am hungry" kawai, ba sai an nemo feel ko hear ba. A ƙara da sa: sa kaya "wear" ko "put on", kunna fitila "switch on the light" ko "turn on the light", don on da off su kaɗai ba aikatau bane, "off the fan" maganar titi ce ba ta takarda ba.

In aka tambaye ni "You haven't eaten?" kuma ban ci ba, yes zan ce ko no?

No zaki ce. Wannan tambayar ina so kowa ya riƙe ta da kyau don tana iya jawo matsala ta gaske. A Hausa in aka ce ba ki ci abinci ba, sai ki ce eh, wato eh maganarka gaskiya ce ban ci ba. Turanci ba ya duba maganar mai tambaya, abinda ya faru yake dubawa, in an yi yes, in ba a yi ba no, ko ta yaya aka juya tambayar.

Ki ɗauka kina gaban likitan da ba ya jin Hausa, yana riƙe da katinki yana rubutu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce "You didn't take the tablets this morning?", ke kuma ba ki sha ba sai kika ce "Yes". Shi abinda ya ji shi ne kin sha, haka zai rubuta, kuma a kan haka zai yanke abinda zai ba ki gaba. Maganin abin kar ki tsaya a kalma ɗaya, ki cika ta: "No, I didn't" ko "Yes, I did".

Ina jin nauyin in ce wa babba "you", babu wata kalmar girmamawa kamar ku?

Babu. You ɗin nan ita ce ka, ita ce ki, ita ce ku, da ita ake yi wa sarki magana da ita ake yi wa jariri. Ladabinsu a siffar jimla yake. Maimakon "Give me the file" sai ka ce "Could you give me the file, please?", maimakon "I want to see you" sai "May I see you, sir?" ko "I would like to see you". Kaga "I want" ɗin nan da muke fassara ina so da ita, a kunnensu tana da ɗan kaushi in babba ake faɗa wa.

Tunda ana maganar wakilin suna, mu komai mace ne ko namiji, mota ta lalace, gida ya rushe. A Turanci duk abinda ba mutum ba "it" ne, "the car is old, it breaks down every week".

In, on, at. Akwai wata dabara?

Akwai ta lokaci da wuri, sauran kuma hadda ce. A lokaci, at na agogo ne, on na rana, in na wata da shekara: "at 4 o'clock", "on Friday", "on 1st October", "in March", "in 1960". Ana cewa "in the morning" amma "at night". A wuri, in na gari da ƙasa da cikin abu, "in Kano", "in the room", on na saman abu, at na takamaiman wuri, "at the gate", "at home". Mota ƙarama "in the car", bas da jirgi da babur "on".

Na haddar su ne irin "good at maths", "married to", "afraid of", "interested in", "congratulations on". Wasu kuma ba sa son komai a bayansu, "discuss the matter" ba a sa about, "enter the room" ba a sa into, "return" da "reverse" ba sa buƙatar back, "repeat" ba ta buƙatar again.

Malaminmu ya kashe min "informations" da "advices", alhali ina ji manya suna faɗa.

Malaminku ne da gaskiya. Akwai sunayen da Turanci ke ɗauka a matsayin abinda ba a ƙirgawa, ba sa ɗaukar s kuma ba a sa musu a ko an: information, advice, furniture, equipment, luggage, evidence. Mu muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki shi yasa hannu ke kai wa ga s. In kana son guda ɗaya ka ce "a piece of advice", in da yawa "a lot of information". Much tana tafiya da irin waɗannan, many da waɗanda ake ƙirgawa, "how much money", "how many people".

P da f sun hana ni sakewa, har tsoron magana nake a cikin mutane.

Kar ka ji tsoro don Allah, abu ne da ke gyaruwa kuma yana da dalili. F ɗin Hausa da leɓɓa biyu muke yinta, tana tsakanin p da f na Turanci, a wajen Sakkwato ma hw ake ji, fari ya koma hwari, don haka kunnenmu bai taso yana raba su ba. Ka samu madubi da 'yar takarda. In zaka ce f ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka hura iska, sai ka ga haƙoran a madubi, kuma zaka iya jan sautin har numfashi ya ƙare. In zaka ce p ka rufe leɓɓa gam sannan ka sake su lokaci ɗaya, takardar da ke gaban bakinka za ta yi tsalle, kuma p ba ta janyuwa. Sai ka yi ta jera su bibbiyu a hankali: pan da fan, pull da full, pill da fill, copy da coffee. V ma wurin f take sai dai maƙogwaro na rawa, ita ke raba very da berry. Th kuma kan harshe ake ɗan fitarwa tsakanin haƙora, think da sink, then da zen.

Haruffan Turanci 26 ne amma sautukansa sun kai 44, shi yasa rubutu ke yaudara. Ba a furta b a debt da comb da plumber, ba a furta t a listen, ba a furta p a receipt. Masu WAEC ku lura, takardar Test of Orals irin waɗannan take tambaya. Wuri ɗaya da Hausa ta taimake mu shi ne dogon wasali da gajere, wanda ya iya raba gari na zama da garin tuwo ba zai sha wuyar ship da sheep ko live da leave ba.

"I am coming", "well done", "next tomorrow", wai duk kuskure ne?

Ni bana kiransu kuskure kai tsaye, Turancin Najeriya ne, kuma yana da matsayinsa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, cikinsu akwai Kannywood da okada da danfo da buka har da next tomorrow ɗin. Abinda ya kamata ka sani shi ne inda za a gane ka da inda ba za a gane ka ba. In kana fita ka ce wa ɗan Ingila "I am coming" da nufin ina zuwa, zai yi mamaki don ya ga tafiya kake, shi "I'll be right back" ya sani. "Well done" a wajensu yabo ne bayan an gama abu da kyau, ba sannu da aiki bane. "Sorry" in wani ya yi tuntuɓe, su sukan ce "Are you okay?". Jibi da muke cewa "next tomorrow" su "the day after tomorrow" suke cewa, daren jiya "last night", yaya "elder brother" ko "elder sister". A kasuwa da hira yi abinka, a takardar jarabawa da wasiƙar aiki ka bi na littafi.

"Am fine" da "I'm fine" ba ɗaya bane?

A'a. Am ba ta tsayawa ba tare da I ba, "I am fine" ko "I'm fine". Waya ce ta ɓata mana hannu da wannan, tare da su u da ur da pls, kuma yara na kwasar su har cikin jarabawa. A WAEC ana son insha'i ya kai kalma 450, kuma akwai maki na musamman da ake warewa don rubutu daidai, kowane kuskuren harafi ko aya ko babban baƙi ana zaftarewa daga ciki har ya ƙare. Ga shi kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. Ku kula da waɗannan: its na mallaka da it's wato it is, your da you're, there da their, lose wato ɓatarwa ko faɗuwa da loose wato sako-sako, sai been da being. I kullum babba ce ko a tsakiyar jimla, haka sunan rana da wata da gari da yare.

Turancin Ingila zan bi ko na Amurka?

Makarantunmu na Ingila suke bi, colour, centre, travelled. Na Amurka color, center, traveled, yawancinsa daga ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya samu gindin zama. Duka daidai ne, kar dai ka gauraya su a rubutu ɗaya. In jarabawar gida zaka yi riƙe na Ingila, ka duba saitin kibod ɗin wayarka ma don sau da yawa a na Amurka yake zuwa.

Ni daga Maraɗi nake, da Faransanci na yi karatu. Zai taimaka min ko zai rikita ni?

Zai taimaka sosai, dubban kalmomin Turanci daga Faransanci suka shigo tun bayan da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, irin su nation, important, government, zaka gane su da gani. Sai dai ka yi hattara da masu kama da juna amma ma'ana daban. Library ɗakin karatu ne ba shagon littattafai ba, actually na nufin a gaskiya ba a halin yanzu ba, attend halarta ce ba jira ba. Shekaru kuma Hausa da Faransanci dukansu da "ina da" suke faɗa, Turanci kuwa "I am 25 years old".

Na haura arba'in, 'ya'yana ma sun fi ni. Anya zan iya kuwa?

Zaki iya Hajiya, kuma kina da abinda yaro ba shi da shi, kin san me kike so ki faɗa. Ki fara da jimlolin da kike buƙata a yininki, na asibiti, na makarantar yara, na banki, na ciniki, ki rubuta biyar a littafi ki faɗe su da ƙarfi ba a zuci ba, gobe ki canza musu lokaci, abinda kika ce da I go ki mayar da shi I went sannan I will go. Ki saurari labarai da Hausa tukuna sannan ki saurari na Turanci a ranar, tunda kin riga kin san abinda ya faru kunnenki zai kama kalmomin da sauri. Yaran nan da suka fi ki kuma ki sa su zama abokan hirarki minti goma bayan sallar isha'i, da sharaɗin su bari ki kai ƙarshen jimla kafin su gyara.

A wasiƙar neman aiki, "Yours faithfully" ko "Yours sincerely"?

In da "Dear Sir" ko "Dear Madam" ka buɗe, da "Yours faithfully" zaka rufe. In sunan mutum ka kira, "Yours sincerely". Y babba, f ko s ƙarama, waƙafi a ƙarshe, kuma babu wata alama tsakanin r da s a Yours. Sai sa hannu, sai cikakken sunanka a ƙasa. Adireshi biyu ake sawa, naka da kwanan wata a sama, na wanda kake rubuta wa a hagu, sannan kan magana bayan gaisuwar.

Abinda ya fi yi mana wuya anan shi ne barin gaisuwa, don a tarbiyyarmu rashin kunya ne ka faɗa wa babba buƙatarka ba ka tambayi iyali da aiki da gajiya ba. A irin wannan wasiƙar ba a yi, ba "How is your family", ba "I hope you are fine", layin farko kai tsaye: "I am writing to apply for the post of driver advertised by your company." Daga nan ka faɗi karatunka da ƙwarewarka a sakin layi ɗaya ko biyu, ka ce a shirye kake a kira ka intabiyu, kar ta wuce shafi guda.